Jana'izar Joji

Sydney, Fabrairu

Zuwa ga taubashiyata Litiana,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da Apenisa da duk mutanen gida. Ni dai da sauƙi. Gwiwar hagu ta ƙi ni, likita ya ce in rage nauyi, na ce ya je ya faɗa wa gwaza da madarar kwakwa. Hawan jini na nan, muna zaman haƙuri da juna. Har yanzu ina tuƙa bas ɗin safe, kuma har yanzu ba wanda ke gaishe da direba a garin nan sai tsofaffi da mahaukata.

Na san kin fi son takarda a kan waya. Kin ce sai kin hau tudun bayan coci kafin ki samu sabis, in kin hau kuma ni ke cinye zancen. To ga takarda, ki karanta wa angon naki Apenisa kamar yadda kika saba.

Kin tuna rubuce-rubucen da nake yi tun muna jami'a a Suva, babban birnin ƙasarmu, waɗanda kike cewa ko ƙunshin soyayyen kifi ba za su yi ba? An karɓa. Wani kamfani mai nuna finafinai ta intanet ya ɗauki labarin, za a mai da shi shirin barkwanci mai dogon zango, kashi takwas. Abokai biyar ne da suka yi jami'a tare, yanzu duk sun haura hamsin, tumbi ya fito, gashi ya zube, aure wani ya mutu wani yana jinya, sai suka sake haɗuwa a Sydney suna ɓata wa juna rai.

Ba sai na faɗa miki ko su wane ne ba. Mu ne: ni da ke da Apenisa da Ravindra da Lupe. Sunaye kawai na canza. Apenisa shi ne Joji, kuma shi ne ran shirin, kamar yadda ya kasance ranmu a lokacin. Na sa labarin akuyar bikin Ravindra, wadda Apenisa ya ɓoye a ɗakin kwananmu, da mai gadi ya kama shi ya rantse ɗalibar sashen noma ce. Da na karanta wa mutanen kamfanin wannan wurin, wata mata mai suna Bronwyn, wadda ke riƙe da aikin, sai da ta cire tabarau ta share hawayen dariya.

Na zaci ranar da aka faɗa mini zan yi tsalle. Sai na dawo gida na dafa taliya na zauna ina kallon bango. Shekara talatin ina jiran abu, da ya iso ya tarar da ni da ciwon gwiwa. Wanda nake so in fara faɗa wa shi ne Apenisa, don na san zai ce na sayar da abokaina arha.

Ki gaishe shi. Ki ce masa ya zama tauraro yana kwance a gida, abin da kullum yake fata ke nan. Ke kuma kada ki damu, na samo wadda ta fi ki kyau ta fito a matsayinki. Bai yi wuya ba.

Naka, ko in ce naki,
Isikeli

Matuku, Afrilu

Taubashi,

Mun ga takardarka, mun gode. Muna lafiya gwargwado. Jirgin ruwa ya yi latti saboda iska, shi ya sa amsar ta daɗe. Bayana ne ke damuna, amma ba sabon abu ba ne. Makaranta na nan, an ƙara mini aji ɗaya a kan shugabanci tunda malamin da aka turo mana ya ga tsibirin ya koma a jirgin da ya kawo shi.

Ina taya ka murna, da gaske nake. Na tuna yadda kake zama a ƙarshen aji kana rubuta abin da mutane ke faɗa maimakon abin da malami ke faɗa. Allah ya sa albarka. Batun wadda ta fi ni kyau kuwa, ina fata kai ma an samo mai gashi ya fito a matsayinka.

Ka gaishe da Apenisa a layi ɗaya, bari in ba ka amsa a layi da yawa. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma kana ta rubuto mini kamar mura ce ta kama shi. Da safe ni ke ɗaga shi, in yi masa wanka, in sa shi a keke in turo shi baranda inda yake ganin teku. Lokacin tara in dawo in juya shi. Ƙanwarsa Unaisi na taimakawa in ta samu sarari daga gonar rogo. Yana fahimtar kome, wannan kada ka yi shakka. Magana ce ta gudu. Abin da ya rage masa bai fi a ƙirga ba: ruwa, to, a'a, da wani zagi guda wanda ciwon ya bar masa cif, har fasto ya sha shi ranar da ya zo addu'a.

Na karanta masa takardarka a baranda. Da na zo wurin akuya idonsa ya yi haske, ya buga hannun keken da hagunsa. Da na zo inda ka ce ya zama tauraro, sai ya juya yana kallon ruwa. Ban san me ya ji ba. Na daina yi wa shirunsa fassara, don sau da yawa nakan yi kuskure kuma hakan na ƙona masa rai.

Abu ɗaya zan faɗa. Ba ka tambaye mu ba, Isikeli, sanar da mu ka yi. Ba na rigima a kai, ba ni da ƙarfinta. Amma mutumin nan bakinsa ne dukiyarsa. Da shi ya ci jarrabawa, da shi ya samu aiki, da shi ya aure ni alhali Kawu, mahaifinka, ya ce ba zai ba da 'yar ƙanwarsa ga mai surutu ba. Yanzu bakin ya tafi, labaransa kuma suna hannunka. Kada ka mai da shi wawa. Ba wawa ba ne, mu ne yake mayarwa wawaye, muna jin daɗi.

In ka yi waya da Ravindra ka gaishe shi. Lupe ta aiko da zannuwan gado daga Auckland, ka ce mata sun iso.

Taubashiyarka,
Litiana

Sydney, Mayu

Litiana,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan bayan naki ya yi sauƙi. Ki riƙa sa Unaisi ta kama miki wajen ɗaga shi. Ni gwiwa ta ƙaru, yanzu har ta dama ta shiga layi. Na ɗauki hutu daga tuƙi saboda an fara ɗaukar shirin.

Na ji abin da kika ce, kuma wallahi a kansa nake faɗa kullum. Ba ki san yadda abin yake ba. Mu shida ne a ɗakin rubutu, ni kaɗai na taɓa shan kava, jiƙon saiwar nan na gargajiyarmu, a ƙasa a kan tabarma. Sauran yara ne masu kirki, sun yi karatu, amma duk abin da na kawo sai su ce yana da kyau ƙwarai, sannan su canza shi. Akuyar ta koma kare, wai akuya na da wuyar sha'ani a gaban kyamara. Wanda ke fitowa a Joji ƙaton mutum ne mai fara'a, ya iya aikinsa, amma sun gano in ya faɗi ƙasa mutane na dariya, don haka yanzu kusan kowane kashi sai ya faɗi. Ya faɗi daga kujera, ya faɗi daga kwalekwale, ya faɗa cikin ramin gasa nama. Na ce musu Apenisa bai taɓa faɗuwa don a yi dariya ba, tsayawa yake cak ya faɗi magana ɗaya ɗaki ya watse. Bronwyn ta ce ta fahimta sarai. In ta ce ta fahimta sarai, to an gama, na sha kaye.

Babban faɗan a kan kashi na ƙarshe muka yi. Wata rana muna cin abinci na ba su labarin ciwon Apenisa, don su san mutumin da suke wasa da shi. Kuskurena ke nan. Washegari suka zo da shawara: Joji ya samu shanyewar jiki, a ƙare shirin yana kan keke, abokai na zagaye da shi, ana ba shi abinci a baki yana zubarwa, a yi dariya a yi kuka. Suka ce zai taɓa zuciya. Na tashi tsaye da gwiwar nan tawa na ce ba da ni ba. Na ce mutum irin wannan gara ya mutu da a bar shi a keke yana dalalar da yawu mutane na kallo. A ƙarshe suka yarda. Joji zai mutu a kashi na bakwai, na takwas jana'izarsa ce, kuma ni zan rubuta ta ba mai sa mini hannu. Wannan kaɗai na ci a duk yaƙin.

Na gaji, taubashiya. Da ina tuƙa bas in dawo in yi mafarkin wannan aiki. Yanzu ina wannan aiki ina mafarkin bas, inda in na rufe ƙofa ba mai ce mini yana da kyau ƙwarai.

Ravindra na gaishe ku. An yi masa aikin ido, ya ce yanzu ya ga matar da ya aura sosai, yana neman likitan ya mai da shi yadda yake.

Ki gaishe mini da tauraro.
Isikeli

Matuku, Yuni

Isikeli,

Muna lafiya. Ina fata kana lafiya.

Ka san a bayyane nake karanta masa takardunka, kai ma ka ce in yi. Ba na fara dubawa, don in na fara dubawa yana ganewa a muryata, ya ji kamar ana tace masa duniya. Na ɗauko takardarka daga bakin jirgi, na zauna kusa da kekensa, na fara. Ya ji batun kare ya yi tsaki. Ya ji faɗuwar Joji ya yi zaginsa. Ina cikin karatu bakina ya riga idona. Sai da na gama faɗin gara ya mutu da a bar shi a keke yana dalalar da yawu, sannan na ji abin da na faɗa.

A lokacin akwai tawul a kafaɗarsa. Kullum akwai.

Ya sa hannun hagu ya ɗauki tawul ɗin ya goge bakinsa da kansa, ya nuna mini ƙofa in mai da shi ciki. Tun ranar ya ƙi fitowa baranda. Abinci sai da lallashi. In baƙo ya zo sai ya rufe ido.

Ashe haka kake ganinsa. Yanzu na gane dalilin da shekara uku ba ka tako ba.

Kada ka sake rubuto abin da za a karanta masa.

Litiana

Sydney, Yuni

Taubashiya mai tsada,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru nake ji, na ce ko jirgin naku ya nutse ne, ko kuwa girman shugabar makaranta ne ya hana ki amsa wa direba. Ina lafiya, an yi mini allura a gwiwa, ta yi sauƙi na kwana biyu ta dawo.

An gama ɗauka. Jana'izar ta yi kyau fiye da yadda na zata. Ranar da muka ɗauke ta har masu riƙe fitila sai da suka yi dariya suka ɓata aiki, aka sake. Ki faɗa wa Apenisa na yi masa jana'izar da ko babban basarake bai samu ba, mutane sun cika coci har waje. In ya ga yadda ake kuka a kansa zai so a ce da gaske ne.

Za a fara nunawa a watan Agusta. Zan sa a zuba muku duka a memori in aiko, tunda sabis ɗinku ba zai ja ba.

Ki rubuto, ko da zagi ne.
Isikeli

Sydney, Yuli

Litiana,

Ina gaishe ku. Ban san yadda zan tambayi jikinsa ba yanzu, amma ina tambaya.

Takardarki ta iso jiya. Na lissafa na ga ta yi saɓani da tawa a hanya, wato bayan abin da ya faru sai ga wata daga gare ni ina raha da jana'iza. Ina roƙon Allah ya sa ba ki buɗe ta ba. Na san kin buɗe.

Ki saurare ni. Joji nake nufi, ba Apenisa ba. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki ciwonsa a ba wa baƙi su yi dariya suna cin gyaɗa a falonsu. Kin ce kada in mai da shi wawa, shi nake ƙoƙarin hanawa. Maganar da na faɗa a ɗakin nan na faɗe ta ne da zafi don in rufe musu baki, na kuma rubuto miki ita ina alfahari, kamar yaron da ya kawo sakamako gida. Ban tsaya na ji yadda za ta sauka a barandarku ba.

Na yi ta kiran wayarki ba ta shiga. Na kira Ravindra, ya saurare ni har na gama, sai ya ce, "Keli, kai marubuci ne, amma ba ka iya karatu ba." Ya kashe. Lupe ba ta ɗauka ba, na san ya riga ya faɗa mata.

Ga memorin a cikin ambulan, na naɗe shi a leda. In kin ga dama ki jefa shi a teku. Na so dai ya kasance a hannunku kafin wani ɗan ƙauyen da ke aiki a Suva ya zo ya ba ku labarinsa a karkace.

Ba na ce ki karanta masa wannan ba. Amma in akwai hanyar da zai san ban taɓa fatan ya rigaye ni ba, ki nemo mini ita. Ni na rasa.

Isikeli

Matuku, Oktoba

Taubashi,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Ruwa ya yi yawa bana, rufin aji biyu na yoyo. Haƙorina na ƙasa ya kumbura tun watan jiya, ma'aikaciyar asibitinmu ta ce sai Suva, na ce mata ta gaya mini wanda zan bar wa mijina.

Takardunka uku na Agusta da Satumba sun iso. Na karanta, ban amsa ba. Ba fushi kaɗai ba ne. Akwai lokacin da mutum ba shi da ragowar da zai ba wa wani haƙuri ko ya karɓa. Na yarda Joji kake nufi. Amma maganar ta fito daga bakinka da sauƙi, kuma ban ce ni ban taɓa jin irinta ta ratsa zuciyata ba ranar da bayana ya ƙi miƙewa. Wataƙila shi ya sa ta yi mini zafi haka.

Memorin na ajiye shi a gwangwanin shayi. Ban faɗa wa Apenisa ba, amma ya ga lokacin da na sa. Kullum in na wuce sai ya nuna gwangwanin. In kawo masa shayi ya ce a'a. Muka yi ta haka har wata Asabar da ruwa ya hana kowa zuwa gona, na gaji, na ɗauko kwamfutar makaranta na ɗora a tebur na kunna.

Kafin a gama kashi na farko maƙwabta sun cika tagogi. Kafin na uku an shimfiɗa tabarma, wani ya kawo akushin kava. Duk lokacin da Joji ya faɗi sai gidan ya ɗauka da dariya. Apenisa ko motsi. Ni kuwa ina kallon wannan Sera da ka ce ni ce. Isikeli, yaushe na taɓa gyara wa fasto nahawu yana tsakiyar wa'azi? Unaisi ta ce sau biyu. A wurin da Sera ta tsayar da ɗaurin aure don an rubuta sunan ango ba daidai ba, sai na ji wani sauti a bayana kamar ana jan tebur. Na juya a tsorace. Dariya yake. Da rabin baki, yawu na zuba, yana nuna ni da yatsa yana nuna kwamfutar. Ya ƙware har sai da muka bubbuga masa baya. Rabon da in ji wannan tun kafin ciwon. A kaina ya yi ta, ba a kan Jojinka ba, ka sani.

Da aka zo kashi na bakwai, inda Joji zai mutu, na kai hannu zan rufe. Ya ce a'a. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, don sun ji kunyar kallon jana'izar mutum yana zaune a gabansu. Muka rage mu uku, ni da shi da Unaisi, har kashi na takwas. Ya kalli yadda akwatin ya ƙi shiga mota, da yadda abokan suka yi faɗa a kan wanda zai yi jawabi. Ka iya rubutu, ban hana ka ba. Sai Manasa, wato kai, ya shigo coci a makare da jakar tafiya a hannu, ya taho daga filin jirgi, ya tsaya a gaban akwatin.

Apenisa ya buga hannun keke. Na tsayar da hoton. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, ni da Unaisi muna jira. Abin da ya fito shi ne, "Can, ya zo."

Na ce, wa? Ya nuna Manasa. Sannan ya nuna tabarmar da ke gefen kekensa, inda ba kowa.

Ba zan yi maka fassara ba. Ga abin da nake so. Makaranta za ta rufe a Disamba. Ka zo, ba da kyamara ba, ba da littafin rubutu ba. Ka zauna da shi mako biyu ko uku, in tafi Suva a cire mini haƙorin nan in ga mahaifiyata. Unaisi za ta nuna maka yadda ake ɗaga shi. Gwiwarka za ta yi ciwo. Ka taho da maganinka.

Litiana

Matuku, Janairu

Taubashiya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Gwaggo. Ina fata an cire haƙorin kuma bakin ya saɓe, ko da yake Suva za ta fi zaman lafiya in bai saɓe ba. Mu muna lafiya. Yana cin abinci, ya fi son kifin Unaisi a kan nawa kuma ba ya ɓoyewa. Ƙurjin da ke bayansa ya bushe, ina juya shi yadda kika nuna.

Ban san haka yake da nauyi ba. Ranar farko da kika tafi na zo ɗaga shi daga gado muka tafi ƙasa tare, shi a kaina. Muna kwance a tabarma fuska da fuska, na kasa tashi, ya kasa tashi. Ya dube ni ya yi mini zagin nan nasa, a nutse, kamar mai gaisuwa. Haka Unaisi ta same mu. Ta ce da a shirin ne da an ce mun yi ƙari.

Na yi ƙoƙarin yi masa maganar takardar nan. Na shirya ta tun a jirgi, na tsara yadda zan fara da yadda zan ƙare. Na zauna a gabansa na ce, Apenisa, akwai abin da na rubuta. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya nuna ƙarƙashin gado. Na zaci wani abu ya ajiye mini. Fo ne yake so. Na kawo, na riƙe, na kai na wanke. Da na dawo na buɗe baki zan ci gaba ya ce a'a. Ban sake tayar da ita ba.

Yanzu yana fitowa baranda. Da hantsi nake turo shi, mu zauna. Kwanakin farko na yi ta zuba, labarin Sydney, labarin Ravindra, har na ga ya rufe ido. Sai na koyi yin shiru. Da wuya, kin san ni. Jiya mun wuni muna kallon masu kamun kifi a bakin duwatsun murjani na cikin teku, ba wanda ya ce uffan, kuma ban tuna rabon da in huta haka ba.

Na hau tudun bayan coci sau ɗaya. Saƙon Bronwyn na tarar, wai mutane sun so shirin, ana son zango na biyu, kuma suna tunanin yadda za a dawo da Joji. Na sauko na faɗa masa. Ya yi tsaki ya nuna kofin ruwa. Ban ba ta amsa ba tukuna.

Ban san yadda kika yi shekara uku kina wannan ba, ga makaranta a kai. Ni mako biyu na yi, har na galabaita.

Tun ina kan tudun na yi waya wurin aiki sun ƙara mini hutu. Don haka kada ki hawo jirgin mako mai zuwa, ki jira na bayansa. Ba shawarata ba ce ni kaɗai. Da zan rufe takardar nan na tambaye shi me zan ce miki. Ya daɗe yana nema, na haƙura ban taya shi ba. Sai ya ce, "Barci."

Na ce, barci kake ji? Ya ce a'a, ya nuna takardar.

To kin ji. Ki yi barci, Litiana. Muna nan.

Taubashinki,
Isikeli